Filin Tambaya da Amsa: Ruwan da ake jiƙa naman tiyata kafin a kai shi gwaji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayoyin da suka taru wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato naman da ake cirowa a jikin mutum lokacin tiyata a turo mana lab mu duba, da kuma ruwan da ake saka shi a ciki. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. An yi wa mamanmu aiki shekaranjiya an cire mata ƙari a nono, sai suka ba mu abin da aka ciro a wata roba da wani ruwa mai yaji a ido suka ce mu kai Zariya ko Kano a gwada. Gaskiya kuɗi sun ƙare wajen aikin sai ƙarshen wata, zan iya sawa a firiza kafin nan? Yayanmu kuma cewa yake tunda an cire an rabu da shi kawai a binne. Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne. Kar ki sa a firiza, kar a binne, kuma in da yadda za a yi kar a jira ƙarshen wata.

Wannan ruwan mai yaji sunansa fomalin. Kinga da zarar an yanke nama daga jiki jini ya daina kai masa, ƙwayoyin halittar da ke cikinsa sai su fara narkar da kansu da sinadaran da ke cikinsu, ga ƙwayoyin cuta su ma su hau kai, a irin zafin nan namu da kan wuce digiri 40 a bazara kuwa abin baya ɗaukar lokaci. Mu kuma a lab ba dunƙulen naman muke kallo ba, gina shi muke a cikin kakin farafin mu yanka shi siriri sosai, kamar maikuron 3 zuwa 5, maikuron ɗaya kuwa milimita ɗaya ce aka raba gida dubu, mu ɗora a gilashi mu rina, sannan likitan fatoloji, wato mai gano cuta a nama, ya sa a madubi mai ƙara girman abu ya duba yadda ƙwayoyin suka jeru da kamannin kowacce. In sun riga sun narke me zai gani? Aikin fomalin shine ya ɗaure furotin ɗin naman da juna ya tsayar da komai a yadda yake, kamar dai yadda majemi ke jiƙa fata a ruwan bagaruwa ta daina ruɓewa.

Firiza ɓarna take yi. Ruwan da ke cikin naman zai zama ƙanƙara, ƙanƙarar tana farfasa ƙwayoyin, in muka zo dubawa sai ramuka da yage-yage, balle ga ɗauke wuta ya narke ya sake daskarewa. Kuma fomalin guba ne bai kamata ya kwana kusa da abinci ba. Ki ajiye robar a tsaye a inuwa cikin ɗaki, murfi a rufe gam, inda hannun yara bai kaiwa, kar a zubar da ruwan kar a ƙara masa wani.

Dalilin da yasa nake cewa a hanzarta kuwa, naman nono yana da tasa ƙa'idar ta daban. Ƙungiyoyin likitocin kansa da na fatoloji na Amurka sun tsayar da cewa ya shiga fomalin cikin awa 1 da cire shi, ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72, wato kar ya wuce kwana uku. In ya tabbata sankara ce, Allah ya kiyaye, akwai gwaje-gwaje uku da ake ƙarawa, ER da PR da HER2, su ke nuna ko maganin homon irin su tamoksifen zai yi mata aiki, ko kuwa allurar tirastuzumab. Naman da ya yi makonni a fomalin galibi ana iya gane ko sankara ce ko ba ita bace, amma waɗannan ukun suna iya fitowa babu alhali akwai, sai a hana mara lafiya maganin da da ya taimake ta. Don haka a yi ƙoƙari a haɗa kuɗin ko da karo-karo ne cikin dangi. In kuma kwana ukun ya riga ya wuce kafin ki karanta wannan, kar wani ya ce ai ya lalace a zubar, a kai shi a haka a faɗa musu ranar da aka yi aikin. Ki tafi da fom ɗin da likita ya cika, ki duba sunan Mama yana jikin robar.

Shi kuma Yaya ki ce masa ina gaishe shi, amma cire ƙari ba shine ƙarshen magana ba. Ido kaɗai baya tabbatar da ƙari mai sauƙi ne ko mai yaɗuwa, ko idon likitan da ya yi aikin ne. Wannan gwajin ne zai faɗa ko shikenan an rabu da shi, ko an bar saura a gefe sai an koma, ko sai an haɗa da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. In aka binne, an binne amsar ne gaba ɗaya, babu inda za a sake samo ta.

TAMBAYA: Malam ni nas ce a tiyata a wani babban asibiti na ƙaramar hukuma. Jarkar fomalin da ake kawo mana an rubuta 40%, likita kuma yace 10% ake so. Abokin aikina yace lissafi ai a bayyane yake, kashi 1 na fomalin kashi 3 na ruwa, ni kuma a makaranta 1 da 9 na tuna. Waye daidai? Wani lokacin ma zalla muke zubawa don ya fi ƙarfi.

AMSA: Sista ke ce daidai, 1 da 9. Lissafin abokin aikinki ba laifi a takarda, inda aka samu matsala shine wannan 40% ɗin na jikin jarka adadin iskar fomaldihaid ne da aka narkar a ruwa, 37 zuwa 40 cikin ɗari, kuma iyakar abin da ruwa ke ɗauka kenan. Masu aikin lab tun asali wannan ruwan jarkar suke ɗauka a matsayin fomalin ɗari bisa ɗari. Toh in aka ce 10% ana nufin kashi 1 nasa a kashi 9 na ruwa, wanda in kika auna fomaldihaid ɗin da ke ciki wajen 4% ne. Haɗin 1 da 3 ya ninka abin da ake so sau biyu da rabi. Zalla kuwa dan Allah ku daina daga yau, ƙarfinsa baya taimakon komai, bayan naman yake ƙandarar da shi nan take ya tamuƙe, sai ya zama shi ya tare hanya ruwan ya kasa shiga ciki da kyau, ga shi in ya zo mana wuƙar injin yanka karcewa kawai take.

Ga haɗin da ya fi, na lita ɗaya: fomalin na jarka mil 100, tataccen ruwa na distil mil 900, sodiyom fosfet monobesik giram 4, sodiyom fosfet daibesik maras ruwa giram 6.5. A fara narkar da gishirin biyu a ruwa tukun sannan a zuba fomalin. In jarka mai lita 5 za ku cika, mil 500 da lita 4.5, giram 20 da giram 32.5. A rubuta ranar haɗi da sunan wanda ya haɗa a jiki. In fosfet bai samu ba, akwai fomal salayin, mil 100 na fomalin a mil 900 na nomal salayin ɗin da kuke da shi a tiyata, yana aiki kuma asibitoci da yawa da shi suke amfani, sai dai baya hana ruwan yin tsami.

Wannan tsamin kuma ba ƙaramin abu bane a wajenmu. Fomalin in ya daɗe yana haɗuwa da iska wani sashensa yana komawa asid, in ma'aunin tsami da ake kira pH ya sauka ƙasa da 6 ya haɗu da jini sai ya bar wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a naman, musamman mai jini da yawa irin saifa da hanta da mabiyiya. Matsalar ita ce kamanninsu ɗaya sak da ɗigon da ƙwayar maleriya ke bari in ta ci jini. A ƙasar da ba maleriya wannan datti ne kawai a gilashi, mu nan da ake duba mabiyiya don a san ko maleriya ce ta taɓa jariri, yana iya rikita amsa. Fosfet ɗin nan biyu aikinsu kenan, su riƙe pH a wajen 7. Tsofaffin ma'aikata kan jefa gutsattsarin dutsen mabul a ƙasan kwalba don rage tsamin, ya fi babu amma bai kai fosfet ba. In kuma kika ga farin gari ya kwanta a gindin jarka, fomaldihaid ɗin ne ya dunƙule ya fita daga ruwan, ana sa mitanol 10 zuwa 15 cikin ɗari tun daga kamfani don hana hakan amma tsufa da sanyi suna kawo shi, ƙarfin jarkar ya ragu kenan.

Amma Sista abin da ya fi ci min rai ba haɗin bane ma, yawan ruwan ne da girman naman. Ƙa'ida ruwa ya ninka naman sau 10 aƙalla, in da hali 20. Sau da yawa sai kaga an turo mahaifa guda da faibiroid ɗinta, wato ƙarin mahaifa, an cusa a ƙaramin bokiti an yayyafa fomalin kofi ɗaya, saman a waje ya bushe ya yi baƙi. Fomalin yana ratsa nama kamar milimita 1 a awa, yana daɗa nisa kuma yana rage gudu. Ɗauki faibiroid mai kaurin santimita 10, daga baya zuwa tsakiya milimita 50, ya haura kwana biyu kenan kafin ruwa ya isa, in muka tsaga sai ka ga zobe fari-fari mai tauri a gefe, tsakiya kuma ja lugub yana wari, kuma sau da yawa a tsakiyan nan amsar take. Maganinsa a buɗe mahaifa, a buɗe hanji a wanke abin da ke ciki, babban ƙari a tsattsaga shi tazarar santimita 1 ba tare da an raba shi gida-gida ba. Wannan likitan da ya yi aikin ne zai yi, kuma ya kamata ya yi magana da likitan fatolojin da kuke tura wa kan yadda suke so a tsaga, saboda in kansa ce gefen yankan yana da muhimmanci kar a ɓata shi.

Sauran ƙanana ne amma kullum suna faruwa. A zuba ruwan a mazubi kafin a saka naman don kar ya manne a gindi. Mai kitse da ke tasowa sama a rufa masa goz. In jini ya rine ruwan ya yi jajir a canza sabo kafin a tura. Mazubi mai faɗin baki, domin nama da laushinsa yake shiga amma da tauri zai fito, kwalba mai ƙaramin wuya sai mun fasa ta. Suna a jikin mazubi ba a murfi ba, murfi yana musanyuwa. Sannan a rubuta lokacin da aka cire da lokacin da ya shiga fomalin a fom, layi ɗaya ne amma yana mana amfani sosai.

TAMBAYA: In fomalin ya ƙare mana da daddare aka yi aikin gaggawa, salayin ya fi ko sifirit? Daga wani ma'aikacin tiyata.

AMSA: Ɗan'uwa salayin baya tsayar da komai, ruwan gishiri ne kawai, nama zai kwana a ciki yana narkewa yana kumbura. In zuwa safiya ne za a samu fomalin, ka naɗe shi da goz mai ɗanshin salayin ka sa a roba mai murfi a firij na ƙasa wajen digiri 4, ba firiza ba, da gari ya waye a juye shi a fomalin. In kuma kasan ba firij ba fomalin a kusa, alkohol 70%, irin sifirit ɗin da ka ambata, ya fi barinsa haka, sai dai yana tsotse ruwan naman ya tamuƙe shi ya fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma gwajin HER2 ba a dogara da shi a irin wannan. Duk abin da ka saka ka rubuta gaskiya a fom.

Wuri ɗaya salayin yake daidai, in ana son a shuka ƙwayar cuta. Misali kaluluwar wuya da ake zargin tibi ce, a raba biyu, rabi a fomalin zuwa wajenmu, rabi a salayin cikin mazubi mai tsabta zuwa masu gwajin tibi, domin fomalin kashe ƙwayar yake babu abin da zai tsiro.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar lab a Sakkwato. An ba mu su Bouin da Carnoy da Zenker mu haddace, amma duk inda naje koyon aiki fomalin kawai nake gani. Suna da amfani kuwa ko dai na jarabawa ne?

AMSA: Ƙanena waɗannan su ma ruwan jiƙa nama ne kamar fomalin kuma suna da amfani, sai dai gaskiya ne fomalin ya mamaye fage tun 1893 da wani likita Bajamushe Ferdinand Blum a Frankfurt yana gwada shi a matsayin maganin kashe ƙwayoyin cuta ya lura fatar yatsunsa ta yi tauri, daga nan ya gwada a nama. Yana da araha, baya lalacewa da wuri, kuma kusan duk gwaje-gwajen zamani a kan naman da aka jiƙa da shi aka daidaita su.

Na Bouin, Bafaranshe Pol Bouin ne ya fito da shi 1897, fikirik asid da ya ƙoshi a ruwa mil 75, fomalin mil 25, asitik asid zalla mil 5. Ana son shi a ɗan naman 'ya'yan maraina da ake ɗiba wajen binciken rashin haihuwa, yana fito da ƙwayoyin tas. Kar ya wuce awa 24 a ciki, a wanke rawayar da alkohol 70%. Ka riƙe wannan da kyau, fikirik asid in ya bushe yana fashewa, kullum a jiƙe ake ajiye shi, in ka tarar da tsohuwar kwalbarsa a sito garin ya bushe a bakin murfi kar ka murɗa, ka kira shugaban lab. Na Carnoy itanol 60, kulorofom 30, asitik asid 10, yana da sauri sosai kuma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Na Zenker akwai makuri, wato zaiba, a ciki, guba ne ga mutum da muhalli shi yasa mafi yawan wurare suka bar shi. Gulutaraldihaid 2.5% na madubin ilektiron ne, kuma naman sai ya zama ɗan mitsitsi milimita 1 don baya ratsawa da nisa. Wanda za ka fi haɗuwa da shi bayan fomalin shine itanol 95% na gwajin bakin mahaifa, ana shafawa a gilashi ake tsoma shi tun da ɗanshinsa, ya yi aƙalla minti 15, in ya bushe a iska kafin nan ƙwayoyin sun baje.

Abu ɗaya da nake so ka gane fiye da haddar. Fomaldihaid a cikin ruwa mafi yawansa komawa yake wani abu da ake kira metilin gilaikol, wannan shi ke ratsa nama da sauri, amma ɗan kaɗan da ya rage a sake shi ke yin ɗaurin, ana cinye shi wani na sakowa a hankali. Shi yasa ratsawa daban kamawa daban. Ɗan naman da aka ɗebo daga ciki da na'urar leƙe, milimita 2 kacal, ruwa zai game shi cikin awa ɗaya ko biyu amma duk da haka sai ya samu awa 6 aƙalla, cikakken kamu kuwa awa 24 zuwa 48. In aka yi gaggawa aka jefa shi a injin sarrafawa, alkohol ɗin injin ne zai ƙarasa aikin, sai rini ya fito gefe daban tsakiya daban. Yankan da kake sawa a kaset, wato ɗan akwatin da ake sa nama a kai injin, kuma kar ya wuce milimita 3 zuwa 4.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni nake wanke kwalabe da share ɗakin yanka nama shekara da shekaru, idona kullum hawaye maƙogwaro na ƙaiƙayi. Ance yana sa kansa, gaskiya ne? Madara nake sha bayan aiki ance tana wankewa.

AMSA: Baba sannu da ƙoƙari, aikinku ne ke riƙe da lab ɗin. Gaskiya ne, hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta saka fomaldihaid a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo kansa a 2004, saboda kansar bayan hanci, daga baya aka ƙara da kansar jini. Wannan ba yana nufin duk mai aiki da shi zai kamu ba, ya danganta da yawan abin da mutum ke shaƙa da tsawon shekaru, shi yasa ragewa ke da amfani ko yanzu aka fara. Hawaye da ƙaiƙayin nan alama ce iskar fomalin ta yi yawa a ɗakin. Madara abinci ce mai kyau amma bata wanke abin da ya shiga hanci da huhu.

Ka buɗe tagogi ka kunna fanka mai zuƙe iska waje kafin ka fara, kowane bokiti da murfinsa a rufe, goz da audugar da suka jiƙe kar su kwana a kwandon shara a buɗe, a ƙulle su a leda. Safar hannu ta naitiril ta fi ta roba ta tiyata, da tabarau mai rufe gefe. Takunkumin fuska na takarda baya tare wannan iskar ko kaɗan, sai mai gwangwanin tacewa da aka yi domin fomaldihaid, kuma haƙƙinka ne ka nema a wajen shugabanninka. In ya fantsama a ido ka wanke da ruwa mai gudu minti 15 sannan ka je a duba ka. In ya zube da yawa a ƙasa ka fitar da mutane tukun iska ta shiga, kar ka zuba masa bilic ko asid don wankewa, haɗuwarsu na fitar da iska mai cutarwa. Kar a taɓa zuba shi a robar ruwan sha ko ta lemo ko da na minti biyar ne, kalarsa ɗaya da ruwa. Tunda kuma ka ce shekaru kenan, ka samu likitan hanci da maƙogwaro ya duba ka, ka gaya masa aikin da kake yi, musamman in kana samun toshewar hanci ɓari ɗaya, ko haɓo, ko kaluluwa a wuya da ta ƙi tafiya.